Kunnen Hagu

Saƙon ya shigo wayar Auta tana tsaye a kan ƙaramin tsani, tana mayar da fayil-fayil cikin kanta ta sama. A ɗakin ajiye katin marasa lafiya na wani babban asibiti take aiki, shekara biyar ke nan. Ta sauko, ta goge ƙurar hannunta a jikin riga, ta buɗe saƙon. An ce ta ci jarrabawar rubutu ta shiga kwas ɗin koyon tafiyar da asibiti, kwas na shekara guda wanda duk wanda ya gama shi ba ya sake komawa ɗakin kati. Har ta fara murmushi, sai idonta ya sauka a layi na biyu. Saura mataki ɗaya, wato tattaunawar rukuni. Za a zaunar da mutum takwas wuri guda, a ba su batu, su yi muhawara ta minti ashirin da biyar, alƙalai uku suna kallo suna ba da maki. Nan da mako uku za a yi.

Ta zauna a kan tsanin.

Shekara uku da suka wuce ta yi wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da ita kwana goma sha ɗaya. Da ta tashi, kunnenta na hagu bai tashi tare da ita ba. Ta je wani asibitin da ba a san ta ba, likita ya gwada ya ce jijiyar ta mutu, kada ta wahalar da kanta wajen neman magani. Mutum biyu kaɗai ta gaya wa, mijinta da babbar yayarta. Sauran mutane kuwa ta koyi yadda za ta bi da su. In ana tafiya sai ta zagaya ta bar mutum a damanta. In mutum ɗaya ke magana, babu wanda zai ce akwai abin da ke damun ta. Amma da zarar an kai uku ko huɗu, sai muryoyin su cakuɗe, ta kasa gane wa ke magana, ta kasa gane daga ina maganar ke fitowa. A wurin taro in ta ga ana dariya sai ta yi. 'Yan uwa suka ce Auta ta zama shiru-shiru, wasu suka ce jan aji ta koya.

Ba kunnen kaɗai ya kaɗa mata hanji ba. A takardar neman shiga kwas ɗin akwai wurin da aka tambaya ko mutum yana da lalurar ji ko ta gani. Ta daɗe da biro a hannu a ranar, sannan ta yi alama a kan "babu". A ƙasan shafin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk wanda ya ba da bayanin ƙarya za a cire shi, kuma za a sanar da wurin aikinsa.

Mijinta mai gyaran firji ne, amma duk layinsu Injiniya ake ce masa, shi ma bai taɓa hanawa ba. Da ta nuna masa saƙon ya yi murna, ya ce ta je kawai ta gaya musu tun kafin a fara, ai ba ita ta ɗora wa kanta ba. Ba ta faɗa masa zancen takardar ba. Ta ce za ta yi tunani. Washegari ta kira yayarta ta ce ta fasa, kwas ɗin ma da nisa, ga yara.

Yaya malamar sakandare ce, shekara ashirin tana jin uzurin ɗalibai. Ta bari Auta ta gama jero dalilanta tas, sannan ta ce ranar Asabar bayan la'asar ta zo gidanta, za su gwada abin su gani.

Da Auta ta isa ta tarar an jawo teburin cin abinci tsakiyar falo, an kewaye shi da kujeru. Yaya ta gayyato malamai biyu daga makarantarsu, ga Injiniya, ga kuma wansu wanda tun suna yara ake kira Rediyo, don in ya fara magana sai dai a ɗauke wuta. Yaya ta zauna gefe da jan biro da agogon waya, ta ce ita ce alƙali. Batun da ta ba su shi ne ko ya dace a hana 'yan makaranta riƙe waya.

Rediyo ne ya faɗa kujerar da ke hagun Auta. Fanka na juyawa a sama tana ƙara. Minti biyun farko ta bi zancen, don malamin da ke gabanta ne ke magana kuma tana ganin bakinsa. Daga nan sai kowa ya shigo. Ta ga bakuna suna motsi ta ko'ina, ta kama kalma nan ta kama can, ta rasa abin da ya haɗa su. Tana cikin kallon malamin sai ta ji teburin ya girgiza. Rediyo ne ya buga shi da tafin hannu.

"Hajiya, ko mun yi miki laifi ne? Sau uku ina tambayar ki."

Ta juya da sauri ta ce ai ta yarda da shi, gaskiya ne a hana su. Aka kwashe da dariya, don shi tun da aka fara cewa yake a bar musu wayarsu. Rediyo ya ce in haka za ta yi ranar, gara ta tura shi ya ɗaura ɗankwali ya je a madadinta. Ɗaya daga cikin malaman, wata mata mai sanyin hali, ta ce mata cikin lallashi ta kula da wannan, don babu abin da masu ba da maki suka tsana kamar mutumin da ake yi wa magana ya share. Ko da ba raini ba ne, raini za su rubuta.

Auta ta ce bari ta sha ruwa. Ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta dafa bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu. Yaya ta biyo ta ta turo ƙofa. Ta ce abin da Injiniya ya faɗa shi ne daidai, ta rubuta musu tun yanzu a ba ta wurin zama da ya dace da ita. A nan ne Auta ta gaya mata abin da ta cike a takardar.

Yaya ta kashe famfon.

"Me ya kai ki, Auta?"

"Mutum ɗari huɗu ke neman gurbi ashirin, Yaya. Dalilin zubar da takardar mutum kawai suke nema."

Yaya ba ta ce ta yi daidai ba, ba ta kuma yi mata faɗa ba. Ta ce tunda haka ne sai su nemi dabara. A cikin makon suka tsara abin da za ta yi. Za ta riga kowa zuwa ta kama kujerar ƙarshe ta hagu, yadda kowa zai kasance a damanta. Za ta fara magana tun kafin muryoyi su yi yawa. Kuma kafin ta amsa wa kowa za ta maimaita abin da ya faɗa, ta ce in ta fahimce shi daidai ga abin da yake nufi. In ta ji ba daidai ba zai gyara mata, alƙalai kuma za su ɗauka tsabar sauraro ne.

Kullum in ta tashi daga aiki sai ta biya shagon Injiniya. Ya kunna rediyo, ya kunna wani tsohon firji mai gurnani, ya tsaya daga can nesa yana karanta mata jarida, ita kuma tana kallon bakinsa tana faɗin abin da ya ce. Wata rana ta ci bakwai cikin goma, wata rana huɗu. Ya ce tun da ya aure ta ba ta taɓa kallon sa haka ba, ashe sai da jarrabawa. Ta yi dariya don kada ya ji babu daɗi. Abinci ya daina shiga, siket ɗinta ya fara juyawa a ƙugu. In wayarta ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka makarantar da ke ba da kwas ɗin ce ta gano ƙaryar. A wurin aiki ta saka fayil ɗin wani a gurbin wani har sau biyu, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ranar tattaunawar ƙarfe tara aka ce, ita tun bakwai tana bakin ƙofar makarantar. Ta zauna a wani dogon baranda mai kujerun roba, tana kallon sauran suna isowa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani dogo mai baƙar kwat da ya zo yana waya da ƙarfi, akwai wata siririya mai tabarau da ta zauna tana karanta 'yar takarda. Tara saura kwata wani ma'aikaci ya fito da katuna masu igiya. Ya ce kowa zai rataya lambarsa a wuya ya zauna a kujerar da ke ɗauke da lambar, ba a canjawa. Ya miƙa wa Auta takwas.

Da suka shiga ta ga an jera kujerun kamar rabin da'ira suna fuskantar teburin alƙalai, daga ɗaya zuwa takwas. Tata ce ta ƙarshe a dama. Duk mutum bakwai ɗin suna hagunta. A damanta babu komai sai bango da wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki da ke ruri kamar babbar mota. Ta zauna.

Aka ce kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Ta ƙirga bakuna har layi ya zo kanta, ta faɗi nata. Shugabar alƙalan wata dattijuwa ce mai furfura a gefen goshi, tana tsakiya, maza biyu na gefenta. Na can ƙarshe ne ya karanta batun, kansa a sunkuye kan takarda, sau ɗaya tak. Auta ta ji "a hana", ta ji "kwana", ta ji "asibiti". Shi ke nan abin da ta samu.

Aka ba su minti biyu su rubuta abin da za su faɗa. Biro bakwai suka hau aiki. Ita ta rubuta kwanan wata, ta ja layi a ƙarƙashinsa, ta sake jan wani. A hana wa kwana? Ma'aikata? Marasa lafiya? Dabarar fara magana ta mutu tun a nan.

Mai kwat, wanda ke kujera ta ɗaya, shi ya buɗe. Allah ya taimake ta muryarsa babba ce, kuma saboda lanƙwasar kujerun tana hango bakinsa. Duk da haka sai da aka ci kusan minti shida kafin ta haɗa zancen. Tambayar ita ce ko ya kamata a hana 'yan uwan marar lafiya kwana da shi a ɗakin jinya. Tana da abin faɗa a kan wannan, don su take gani kullum a tagar ɗakin kati, idanunsu jajir. Amma na uku da na huɗu da na biyar a jere suke a gefenta, kan mai tabarau da ke kujera ta bakwai ya tare mata su. Ba ta san lokacin da suke magana ba, ba ta san lokacin da suka yi shiru ba. Da ta ga kamar an sami sarari ta buɗe baki ta fara, sai ta ga hannu ya ɗago daga kujera ta uku, mutumin yana cewa bai gama ba. Ɗaya daga cikin alƙalan ya sunkuya ya rubuta wani abu. Ta haɗiye sauran maganar.

Agogon bango ya nuna an ci minti goma sha huɗu. Ta sunkuyar da kai kan takardarta tana ƙoƙarin tsayar da numfashi, don zuciyarta na bugawa har a cikin kunnen da ke ji. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Da ta ɗago sai ta ga babu bakin da ke motsi. Mutum goma suna kallon ta. Mai tabarau ta juyo gaba ɗaya, fuskarta a kusa, da alamar wadda ta yi tambaya ta maimaita ba a kula ta ba.

Auta ta duba bakin matar ko za ta sake faɗa, ba ta sake ba. Ta duba alƙalai, biro uku a ɗage. Za ta iya cewa ta yarda, kamar yadda ta yi wa Rediyo. Za ta iya tashi ta fita, ƙofar ba ta da nisa.

"Ku yi haƙuri," in ji ta, muryar ta fito 'yar ƙarama. "Kunnena na hagu ba ya ji. Ban ji abin da kika ce ba."

Ta juya wajen shugabar ta roƙi a bar ta ta koma ɗaya gefen. Dattijuwar ta dube ta, ta dubi agogo, ta ce ta koma, amma lokaci ba zai tsaya ba.

Ta miƙe ta ɗauki kujerar. Ƙarfe ce, ta fi yadda ta zata nauyi. Ta ratsa ta gaban mutum bakwai da ita, ƙafar kujerar ta bugi teburin alƙalai har robar ruwa ta faɗi ta gangara. Ta ajiye ta kusa da mai kwat, shi kuma ya ja tasa gefe yana duba agogon hannunsa. Da ta zauna sai ɗakin ya buɗe mata. Ta ji takarda na motsi, ta ji wani yana gyaran murya.

Mai tabarau ta ɗaga murya ta ce, "Cewa na yi, ke da kike aiki a asibiti, me kika gani da idonki?"

Auta ta fara. Ta ce a inda take aiki akwai ɗakin da ma'aikaciyar jinya ɗaya ke duba gado talatin. Ɗan uwan da ake son a kora shi ke juya marar lafiya, shi ke kai shi banɗaki, shi ke rugawa ya kira ma'aikaciya in numfashi ya canja. Ta ce ba ta ƙi a hana ba, amma a fara faɗin wanda zai yi wannan aikin. In babu, to a bar mutum ɗaya ga kowane gado, a ba shi kati mai lambar gadon. Mai kwat ya katse ta ya ce cunkoso da sace-sace fa. Ta maimaita abin da ya ce kamar yadda Yaya ta koya mata, ta ce cunkoson daga mutum biyar-biyar yake zuwa, katin kuma shi zai nuna wanda ba shi da dalilin zama. Na huɗu ya ce ya goyi bayan katin. Daga nan zancen ya wuce ta, ba ta sake samun shiga ba har aka buga tebur aka ce lokaci ya cika.

Ana fita shugabar ta ce lamba takwas ta tsaya.

Sauran alƙalan biyu suka fita shan iska. Dattijuwar ta buɗe wani fayil, ta zaro takarda, ta juyo da ita ta tura gaban Auta. Rubutun hannunta ne. Yatsar matar na kan wurin da ta yi alama a "babu". Auta ta dubi alamar. Ta hango takarda na isa ofishin shugabanta, ta hango kanta tana kwashe kofin shayinta da sallayarta daga ɗakin kati.

"Yaushe kunnen ya daina ji?"

"Shekara uku, ranki ya daɗe."

"To kin sani lokacin da kika cike wannan."

"Na sani."

Matar ta tambaye ta dalili. Auta ta faɗa mata yadda ta faɗa wa Yaya, ba ta ƙara ba ta rage ba, ta ce tsoro ta ji. Dattijuwar ta ce an sa tambayar ne don a san inda za a zaunar da mutum da yadda za a karanta masa batu, amma ta san ba kowa ke yarda da hakan ba, kuma ba za ta rantse cewa ba a taɓa zubar da takardar wani saboda ita ba. Ta miƙa mata biro ta ce ta soke, ta rubuta gaskiya, ta sa hannu da kwanan wata. Auta ta yi yadda aka ce. Matar ta ce dole ta kai maganar gaban kwamiti, kuma ba ta yi mata alkawarin komai ba.

A waje Injiniya na jiran ta a kan babur. Ya dubi fuskarta bai tambaye ta komai ba. Sai da suka yi nisa ta sa baki kusa da kunnensa ta gaya masa duka, har da zancen takardar da ta ɓoye masa. Ya rage gudu ya ce to, yanzu dai an faɗa.

Kwana goma sha biyu ta yi tana jira. A rana ta uku ta ga ba za ta iya zaman jiran takardar makarantar ta riga ta isa ofis ba, ta shiga ofishin shugaban sashensu ta faɗa masa da bakinta. Ya cire tabarau ya ce shi ya ɗauka ba ta son gaisawa da shi ne. Game da takardar kuwa ya ce sai abin da makarantar ta rubuto, in ta rubuto. Wannan bai kwantar mata da hankali ba. Ta ci gaba da zabura duk lokacin da masinja ya leƙo da ambulan ɗin wasiƙa.

Saƙon ya zo ranar wata Talata da hantsi. An ba ta gurbi, bisa sharaɗin ta kawo rahoton likitan kunne cikin mako biyu. An kuma rubuta cewa kwamiti ya sa mata gargaɗi a fayil saboda bayanin farko, kuma in aka sake samun irinsa za a sallame ta ba tare da wata magana ba. Ta karanta sau uku, ta tura wa Yaya, sannan ta je ta wanke fuska.

Washegari da safe ta karɓi lamba ta bi layin ɗakin likitan kunne na asibitinsu. Wata ma'aikaciyar jinya da suka saba ta wuce, ta tambaye ta ko fayil ta kawo. Auta ta ce a'a, likita ta zo gani. Matar ta tsaya kamar za ta ƙara tambaya, sai aka kira ta ta wuce. Wurin ya cika, yara na kuka, ana kiran lambobi daga wata ƙofa can gefen hagu. Auta ta juya wajen wata tsohuwa da ke zaune kusa da ita, ta nuna mata 'yar takardarta.

"Baba, don Allah in kin ji an kira sha tara ki taɓa ni."

Tsohuwar ta ce ita ma abin da ya kawo ta ke nan, amma 'yarta na nan tana ji musu su duka.